Amfilifayar Buzu da Kunnen Yaya

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a tattara mu. Yaya ya riga mu tafiya a tsakiyar daminar nan, a cikin gonarsa, da hauya a hannu.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gidansa, kuma a kwana ukun nan na ji an mai da shi wani mutum da ban sani ba. Wani tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi shi ya fara. Ya shafa addu'a, ya ce, "Namiji ya tahi. Kowa ya watse, shi ko kai bai ɗaga ba." Mai shayin bakin boda ya karɓe, ya ce ai tun da can Yaya bai san tsoro ba. Kafin la'asar labarin ya yi ƙiba. Wai ya dubi 'yan bindigar ido cikin ido. Wai ya ce musu ba ya gudu daga gonar ubansa. Ni ina zaune ina karɓar gaisuwa, ina cewa amin. Duk waɗanda ke kan tabarmin nan babu wanda bai yi shekara uku yana ɗaga murya in zai yi wa Yaya magana ba. Sun sani, na sani. Yaya bai gudu ba ne saboda bai ji ana cewa a gudu ba.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a binne mai gyaran rediyo a tono jarumi. Akwai kuma nawa kason a cikin abin da ya faru. Wata rana Yaya ya tambaye ni ko kunnensa ne ya lalace, ni kuwa na ba shi amsar da har yau take hana ni sakat.

Shi ne babban wanmu. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gidan, shi ya kai ni makaranta har na zama malami. Na yi shugabancin firamare na yi ritaya, furfura ta cika mini gemu, amma ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa ce masa a'a a gaban idonsa ba. Haka aka tashe mu, kuma ina alfahari da hakan har zuwa bana.

Shagonsa na kwano ne, 'yan taku kaɗan daga inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a buɗe musu hanya. Rediyo, rakoda, lasifikar masallaci, duk abin da ke fitar da sauti nan ake kawo shi, daga wannan gefen da wancan. Yana da dokokinsa, kuma ba ya sassauta wa kowa. In ka kawo kaya ba ya taɓa sukudireba sai ya kunna ya zauna ya karkata kai, ido a rufe. Yakan ce, "Ba a buɗe abin da ba a saurara ba." In ya fara aiki kuma, abu ɗaya yake canzawa ya sake saurare, sannan ya matsa zuwa na gaba. Yana da mita mai allura, amma raina ta yake yi, yana cewa ita ba ta da kunne. Wanda ya riga ya yi wa kayansa gyaran ganganci kafin ya kawo kuwa, sai ya sha faɗa kamar ɗan da ya haifa. Duk abin da ya gyara, sai ya rubuta da fensir a cikin murfin baya abin da ya samu da abin da ya yi, da rubutun bokon da ya koya a ajin yaƙi da jahilci. Ya ce don in ya mutu kada mai gyara na gaba ya zage shi.

Da mutanen ƙauyukan wajen Daddara suka fara kwararowa gari suna fakewa a kangwaye, wata tsohuwa ta kawo masa rediyonta, ta ce ta mutu, ga shi ta nan take jin ko an ambaci garinsu. Ina wurin. Ya duba, ni ma na gani, ba abin da ya samu rediyon, batir ne ya ƙare. Sai ya ɓata fuska ya ce, "Iya, wanga aiki babba ne, sai bayan azahar." Da ta dawo ya miƙa mata da sabon batir a ciki, ya ce wata waya ce ta tsinke, ba sai ta ba da komai ba. Na tambaye shi dalilin wannan zagaye-zagaye. Ya ce, "So kake in hwaɗa mata ba ta da na batir?" Na riƙe wannan darasin sosai, har na wuce gona da iri.

Amfilifayar, wato na'urar da ke ƙara wa jita sauti, ta zo ne a bayan wata motar fasinja daga Maraɗi, an nannaɗe ta da bargo. Mai ita wani Buzu ne dogo mai rawani, wanda ya ba hamsin baya, makaɗin jita da ke yawon bukukuwa tun daga Agadas har ƙasarmu. Akwati ce baƙa mai nauyi, fatar jikinta duk ta kwaile, ya ce gadonta ya yi wurin kawunsa. Irin ta da ce, mai kwalaben gilashi a ciki waɗanda masu gyara ke kira bawul. In an kunna sai sun yi ja sun ɗau zafi kafin ta yi magana.

Buzun ya ce, "Malam, tana hwarawa da ƙarhi. In ta yi zahi sai muryar ta riƙa komawa ciki, har ganga ta rinjaye ta. Na kai ta wuri ukku, kowa cewa yake in jefar in sai sabuwa."

Yaya ya shafa jikinta, na ga fuskarsa ta saki yadda ban saba gani ba. Ya ce, "Waɗanda sunka ce ka jefar, yara ne. Bar ta nan. Ba ta barin shagon ga sai da muryarta cikakka, na yi maka alkawari."

Buzun ya bar masa wata tsohuwar jita don gwaji, ya koma.

Lokacin na yi ritaya, kullum da hantsi ina kan bencin shagon, don haka gyaran nan a gabana aka yi shi. Yaya bai iya kiɗa ba, tsirkiyoyin shida kawai yake shafawa da babban yatsa ya saurara. Liman har ya tsokane shi, ya ce da tsufa aka koma bandiri. Daga waje ya faro. Ya canza wayar jitar. Ya goge ramin da ake soka ta. Ya auna wutar gari ya ga ta yi ƙasa, ya tada janareta, abin bai canza ba. Sannan ya buɗe baya. Kafin ya sa hannu sai ya sauke wutar da 'yan gwangwanayen cikinta da ake kira kwandansa ke riƙewa, ya kuma mai da hannun hagu bayansa kamar mai tsaron ƙofa, ya ce irin waɗannan ko an kashe su suna iya kashe mutum. Ya ɗauki siririn icce busasshe yana ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ya musanya ƙananan da waɗanda ya ciro daga tsofaffin rediyon da ya tara tun zamanin samartaka. A ƙarshe ya samu laifin a wuri uku: wata kwandansa ta bushe ta kumbura, wata rizista mai rage ƙarfin wuta ta ƙone gefe guda, ɗaya daga manyan kwalaben kuma ta gaji. Tsohon direban nan ne ya samo masa madadinta a Kano bayan dogon cigiya.

Ranar da ya haɗa ta ya kunna, ya shafa tsirkiya, wallahi sai da na ji sautin a haƙorana. Ya bar ta ta yi zafi har azahar, muryar ba ta ragu ko kaɗan ba. Na buɗe baki zan ce barka, sai na ga ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Ta ƙaru, amma ba ta kai ba."

Na haɗiye barkata. Na ce a raina shi ne gwani, ni me na sani.

Ana cikin haka aka rufe boda. Motoci suka daina jeruwa, ciyawa ta fito a inda suke tsayawa, masu dako da masu abinci suka watse. Buzun ba shi da hanyar zuwa, don ba a ɗaukar kaya mai nauyi irin wannan a bi ta daji a zamanin nan. Aiki ya ja baya a shagon, sai Yaya ya tattara hankalinsa kaf a kan amfilifayar. Ya cire abin da ya sa, ya mayar, ya sake cirewa. Ya zargi taransifoma, ya zargi sifika. Maɓallin ƙarar da a da yake tsayawa a kan uku ya koma biyar, ya koma bakwai.

A lokacin kowa ya gane. In Buzun ya bugo waya sai Yaya ya ce layin Nijar ba shi da kyau, ya miƙo mini. In an yi masa sallama daga baya ba ya amsawa. Lasifikar masallacin unguwa da ya gyara ta koma tana firgita jarirai, ladan ya riƙa rage ta a ɓoye. Shekara arba'in da kunne a bakin sifika, ga janareta a gindin shago, me ake tsammani? Amma ba wanda ya furta. Gari guda muka haɗu muka ɗaga murya, muna maimaita magana sau biyu kamar haka muka saba. In ya juyo ya ce, "Kun ji ta yi ƙasa ko?" sai mu ce, "Ta yi ƙasa, Malam," alhali kwanon shagon yana karkarwa a kanmu.

Matarsa, wadda akwai wasa tsakanina da ita, ta tare ni a zaure wata rana ba alamar wasa a fuskarta. Ta ce, "Kai ne ƙanensa. Ka hwaɗa mashi."

Na ce, "Ke da kike kwana ɗaki guda da shi?"

Ta ce, "Ni in dubi mijina in ce mashi kurma? Da wane baki?"

Haka muka yi ta tura wa juna har aka buɗe boda. Buzun ya aiko a ba shi kayansa, ya ce bukukuwa suna wuce shi, da aron wata yake lallaɓawa. Yaya ya ce a gaya masa ya ƙara haƙuri, aiki bai ƙare ba. A nan ne na yi dabarar da ta jawo faɗanmu, wanda shi ne na farko kuma na ƙarshe. Na shirya da direban, muka bari Yaya ya tafi jana'iza, na nannaɗe amfilifayar da bargonta. Muna cikin ɗora ta a mota ya dawo, ashe ya manta hularsa.

Bai ɗaga murya ba da farko. Ya ce a sauke. Aka sauke. Sannan ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Ni ka so a yi wa dariya a Maraɗi? A ce tsohon Jibiya ya riƙe kaya shekara da shekaru ya maido su da rabin murya? Na sa ka lakkwal don ka zan mutum, ashe ɓarawon shagona na rena." Kalmar makaranta ta mutanen ƙetare ya yi amfani da ita, wadda ba ya faɗi sai ransa ya ɓaci ƙwarai. Wata guda da kwanaki ina zuwa gaishe shi yana amsawa da ka. Ban taɓa shiga ƙunci irin na wannan watan ba, ni da jikokina.

Babbar ɗiyarsa ce ta fasa ƙwan. Ma'aikaciyar jinya ce a Katsina, kuma ita kaɗai ce a gidan ba a iya rufe wa baki. Ta zo hutu, ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, kunnenka ne. Ka zo mu je asibiti a duba, akwai abin da ake sawa." Uwarta ta ce ranar ko tuwo bai ci ba. Amma Yaya mutum ne mai bin aiki daki-daki, ko a kan kansa. Ya ce mata zai gwada, in ta tabbata zai bi ta.

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni, karon farko tun faɗanmu. Na tarar ya share bencin, ya sa an kawo mini fura. Ya kunna amfilifayar, muka jira har kwalaben suka yi ja. Ya murɗa maɓallin zuwa bakwai, ya shafa tsirkiyoyin. Sukurorin da ke cikin gwangwani a kan tebur suka hau rawa. Wata akuya da ke kwance a inuwar shagon ta zabura ta yi titi. Shi kuwa ya karkata kai, ido a rufe, yana nema.

Ya buɗe ido ya ce, "Malam ƙarami." Haka yake kirana in yana jin daɗina. "Kai ka yi karatu, kuma kunnenka sabo ne a kan nawa. Ka hwaɗa man tsakaninka da Allah. Ƙasa take, ko kunnena ne?"

Na dubi fuskarsa. Na ga tsoro a cikinta, abin da ban taɓa gani ba tun ina yaro. Na tuna wata gudan nan da ya yi ba ya dubana. Na tuna tsohuwa mai rediyo. Na ga ga fura, ga benci an share, ga wana ya dawo mini, kuma kalma ɗaya za ta rushe masa shekara arba'in. Ba zan ce na manta da Allah da ya haɗa ni da shi ba, ina sane.

Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Ƙasa take, Yaya."

"Ba kunnena ba ne?"

"Kunnenka ƙalau."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Na hwaɗa ma yarinyar ga! To saura taransifoma." Ɗiyar ta koma Katsina ita kaɗai. Ba ta san abin da ya gudana a shagon ba, ta ɗauka taurin kan tsufa ne.

Bayan wata biyar damina ta kankama. Gonarsa tana kan hanyar Mazanya, kuma mutane sun rage zuwa can sai a ƙungiya, kowa kunnensa a buɗe, don ƙarar babura ita ce gargaɗin da ya rage wa talaka. Mun bar shi yana zuwa. Da za mu hana shi sai mun faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da muka ƙi faɗi.

Maƙwabcinsa na gona ne ya ba ni labarin, ba a kan tabarma ba, a bayan gida, yana kuka. Ya ce da hantsi suka ji baburan. Kowa ya yar da hauya. Shi ya tsaya a kan iyaka ya ƙwala wa Yaya kira sau uku, Yaya yana duƙe ya ba shi baya, yana ta maimai. Da ya ga sun ƙaraso sai ya faɗa cikin gero ya kwanta. Daga nan ya ji suna yi wa Yaya tsawa ya taso. Sun yi ta yi. Yaya bai juyo ba. Suka ɗauka raini ne.

Ban sani ba ko abin da ake sawa a kunne zai sa ya ji baburan nan. Ban sani ba ko da ya ji zai iya gudu da shekarunsa. Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ba mai ƙara wa wani numfashi. Amma na san da na ce masa e a ranar nan, da ba mu bar shi ya ci gaba da zuwa gona ba.

Buzun ya zo bayan sadakar bakwai. Ya yi gaisuwa a gida, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo. Matar Yaya tana takaba, don haka ɗiyar ce ta ɗauko makulli, mu uku muka je shagon. Na tada janareta. Buzun ya jira kwalaben suka yi ja, ya sa maɓallin a kan biyu, ya taɓa tsirkiya ɗaya tak saboda ana makoki. Sautin ya cika shagon ya fita titi, har wani jami'i a bakin shinge ya waiwayo. Ya yi saurin kashewa.

Ya ce, "Subhanallahi. Ko a hannun kawuna ba ta yi wagga murya ba. Tun yaushe ta warke?"

Na ce, "Ta daɗe."

Ya juya ta zai naɗe, sai ya ga murfin baya a kwance ba a ɗaure ba, cikinsa cike da rubutun fensir tun daga sama har ƙasa. Ya ce shi bai iya karanta wannan ba, ya miƙo mini, tunda ni ne malami. Na fara karantawa a bayyane. An canza waya, ba canji. An canza ƙaramar kwalba, ba canji. An canza kwandansa da rizista, ta ƙaru. An sa babbar kwalba, mita ta ce daidai, ni ban ji daidai ba. Haka layi bayan layi, rubutun yana ƙara ƙanƙancewa don wuri ya ishe shi. Idona ya riga bakina isa layin ƙarshe, sai na tsaya.

Ɗiyar ta ce, "Baffa, ƙarasa mana."

Zan iya cewa fensirin ya goge. Wallahi har maganar ta zo bakina, don na saba. Sai na karanta, da murya irin wadda na saba yi wa Yaya magana da ita:

"Saura abu guda ban gwada ba, kunnena. Na gwada da ƙanena. Ya ce kunnena ƙalau. Shi ba ya yi man ƙarya. A ci gaba da nema."

Buzun ya sunkuyar da kai, ya ja rawaninsa ya rufe baki. Ɗiyar ta daɗe tana kallona. Na jira ta yi ihu, ta zage ni, ta tambaye ni dalili, ita da ba a iya rufe wa baki. Ta karɓi murfin daga hannuna, ta ɗaure sukurorinsa huɗu da kanta, ta miƙa wa mai kaya kayansa.

Ya Allah, ka yafe wa Yaya, ka yalwata masa makwanci, ka jiyar da shi kiran da ya fi kowane daɗi a ranar da za a tashe mu. Ku da kuka karanta, ku sa shi a addu'a da sunan mai gyara, ya ishe shi.

Ni kuma ku roƙa mini gafara, don har yau ɗiyar ba ta ce da ni komai a kan maganar ba. Duk zuwan da za ta yi daga Katsina sai ta biyo ta gidana, ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta tambayi lafiyata. In na ce mata, "Kina riƙe da ni a zuci ko?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Baffa, ba komai."